Yadda Kirsimati Ta Shiga Gidajenmu

A sauran shafuffukan wannan ɗan littafi na jubili 'yan'uwa sun ba da labarin tashoshin mishan, da makarantu, da asibitoci, da bayin Allah waɗanda suka yi aiki a cikinsu. Mu namu rabo ƙarami ne. An ce mu rubuta labarin gida, watau abin da iyalin masu bi su ke yi, da abin da su ke ci, a ranakun idi. Da fari mun ɗauka abin ba shi da nauyi. Amma da muka zauna da tsofaffinmu mata muna tambaya, sai muka iske akwai tarihi a bakin murhu wanda bai shiga littafin kowane kwamiti ba. An rubuta shekarar da aka gina kowace majami'a. Labarin tukunyar da aka ɗora domin Kirsimati, da gidan da aka aika wa abincin, yana bakin mata kaɗai, su kuwa suna ta ƙarewa.

Sai mu fara da abin da waɗansu za su yi mamakin ji. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Ubangijinmu ba, bai kuwa umurce mu mu yi idi dominta ba. Shaida mafi daɗewa da ta nuna ana kiyaye 25 ga Disamba daga birnin Roma ta fito, ta shekara ta 336. Daga baya ma ba dukan masu bi suka yarda da ita ba. A Ingila majalisa ta hana bikin a 1647, gama ta ga shaye-shaye da wargi sun yi yawa a cikinsa. A wani yanki na Amurka an yi doka a 1659 cewa wanda aka kama yana bikin Kirsimati zai biya tara. A ƙasar Sikotlan kuwa ba a mai da ranar ta zama ta hutu ba sai 1958, shekarar da aka kafa Jamhuriyar Nijar. Mun kawo waɗannan domin mai karatu ya sani Turawan da suka zo mana da bishara ba su zo da wata shiryayyiyar al'ada ta idi wadda za su miƙa mana ba. Mutanen Kanada ne, da Amurka, da Ingila, da Ostareliya, kowa da abin da ya saba da shi a gidan ubansa, waɗansunsu kuma daga ekklesiyoyin da ba su cika kula da ranakun idi ba.

Mutum uku na fari na mishan ɗin SIM, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka Ikko a watan Disamba na 1893. Kafin shekara ta kewayo biyu sun rasu. Aikin bai iso ƙasarmu ba sai 1924, sa'ad da aka buɗe tasha a Zinder, wadda a lokacin ita ce babban birnin ƙasa, kafin Faransawa su mai da mulki Yamai a 1926. Bayan 'yan shekaru aka zauna a Tsibiri, garin Sarkin Gobir, daga nan Maraɗi. An buɗe asibitin Galmi a 1950, da na kutare a Danja a 1956. A tsakanin nan, a 1932, aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, har mai gida ya iya buɗe Luka sura 2 ya karanta wa iyalinsa da bakin da aka haife su da shi.

Mutumin da ba shi da rana

Masu bi na fari kaɗan ne ƙwarai: 'yan makaranta, da ma'aikatan tasha, da waɗanda suka zo neman magani suka ji Magana, da waɗansu daga cikin Arna na ƙauyuka. An sha ba da labarin abin da suka rasa saboda bangaskiya, wani gādo, wani mata, wani gona. Akwai abu ɗaya da ba a cika faɗi ba. Sun rasa rana. Wanda ya fito daga Musulunci ya bar Ƙaramar Salla da Babbar Salla. Wanda ya fito daga Arna ya bar yankan da gidansu ke yi lokacin shuka da lokacin kaka, da taron dangi da a ke yi a kansa. A ƙasar Hausa kuwa ranar salla ita ce ranar da a ke ganin mutum. Ran nan a ke sanin mai gida ya iya tufasar da iyalinsa, uwargida kuma ta iya tukunya, ran nan a ke sanin wa ke gaishe ka, wa kuma ya daina. Babba ya iya haƙuri. Yaro fa? Yana tsaye a ƙofar gida da tsohuwar taguwa, sa'o'insa suna wucewa da sababbin kaya da lalle a hannu, suna yawon barka da salla. Tsofaffi da dama sun gaya mana wannan ya fi zagi ciwo, har ya mai da waɗansu baya.

Turawan mishan sun yi abin da suka iya. A ranar Kirsimati su kan tara mutanen tasha a yi sujada, a raba wa yara alewa da katin hoto, wani lokaci da riga daga cikin kayan da ekklesiyoyin ƙasarsu suka aiko. Mun gode musu. Amma bikin da a ke yi maka a farfajiyar wani, kai kana miƙa hannu, bai zama naka ba tukuna. Kirsimati ta zama tamu sa'ad da ta bar gidan mishan ta shiga tsakar gidan masu bi, har suka zama su ne masu bayarwa. Mata ne suka yi wannan aiki, ba kuwa wani taro da ya zauna ya umurce su.

Allah kuma ya taimake su da lokacin. A ƙasashen Turawa Disamba tsakiyar sanyi ce, ba kome a gona. A wurinmu ita ce lokacin da ya fi kowane daɗi a shekara. An gama girbin hatsi tun Oktoba, damuna sun shiga rumbu, an roro wake, an fige gyaɗa. A zamanin da gyaɗa ke da daraja a Maraɗi, daga shekarun 1930 har zuwa farkon 1970, a daidai wannan lokaci a ke cinikinta, kuɗi su shiga hannun talaka, ya biya haraji, abin da ya ragu ya yanki zane. Ɗari ya sauka, nama ba ya saurin lalacewa, hanya ta bushe, baƙo ya iya tafiya. Samari da yawa ba su riga sun tafi cin rani ba. Da ranar ta faɗo cikin Agusta, sa'ad da rumbu ke fayau ana jiran sabon hatsi, da labarin da mu ke bayarwa ya zama dabam.

Abin da aka hana, da abin da aka dafa

Tambaya ta fari da ta taso ita ce ta giya. A wurin Arna ba biki sai da tulun giyar dawa. Mishan ta hana ta ɗungum, ekklesiya kuma ta riƙe wannan hani bayan da ta tsaya da ƙafafunta a lokacin samun mulkin kai. Waɗansu tsofaffi sun yi gunaguni, suka ce biki ba giya zaman makoki ne. Mu dai a ganinmu hanin ya yi amfani ta hanyar da ba a zata ba, gama shi ya sa maƙwabci Musulmi ya iya shiga gidan mai bi ran idi ba tare da ƙyama ba. Wurin da tulun giya ya bari kuwa kunun gyaɗa ya cika shi, da kunun tsamiya, da ruwan zoɓo. Zoɓon ma na lokacin ne: a ƙarshen kaka a ke tsinke shi a shanya, ya zama a Disamba sabo ne, ja wur. A tafasa shi da citta da kanumfari, a tace, a sa sukari, a zuba a randa ya kwana cikin sanyi.

Abinci kuwa ba a ƙago wani sabo ba. Abin da kowace mace ta sani na salla shi ta ɗauko. A shekarun fari tuwon hatsi ne ko na dawa, sai dai an kyautata miya, an sa nama da man shanu. Shinkafa a lokacin abincin sarakuna ce da attajirai, mutumin ƙauye ya kan yi shekara bai ɗanɗana ba. Domin haka da ta fara samuwa a kasuwa, sai ta zama ita ce alamar ranar. Har yau akwai tsofaffin da in an ce Kirsimati, abin da ke fara zo musu shi ne farar shinkafa da jar miya a cikin kwanon samira, da yadda uwarsu ke auna ta da tiya tun sati biyu kafin ranar, ta ɓoye a ƙarƙashin gado.

Amma sarauniyar ranar waina ce, wadda waɗansunmu ke kira masa. Da ta gero a ke yi, daga baya ta shinkafa ta rinjaya. Aikinta na kwana biyu ne, shi ya sa ta ke tara mata. Ran 23 da dare a jiƙa shinkafa. Ran 24 a wanke, a ɗebi kaɗan a dafa ta yi laushi, sauran a niƙa, a haɗa su, a zuba ɗan tsohon ƙullu ko nono mai tsami domin ya tashi, gama yisti na kanti daga baya ya zo. A cikin ɗarin Disamba ƙullu ba ya son tashi, sai a kai shi kusa da murhu a lulluɓe da tsohon bargo kamar jariri. Uwargida ta kan tashi tsakar dare ta leƙa. Da asuba a zuba ruwan kanwa kaɗan ya kashe tsamin, a sa gishiri da yankakkiyar albasa, a ɗora tanda. Wadda ta cika kanwa wainarta ta yi rawaya ta yi ɗaci, za a kuwa tuna mata har Kirsimati mai zuwa. Miyar da ta dace da ita taushe ce, kayanta duka na kaka: kabewa, da sabuwar gyaɗa, da yakuwa, da alayyafo, da daddawa, da ƙashi mai ɓargo. Mutanen Galmi da Madawa, da ya ke albasa tasu ce, ba su rowarta, in babu ɗanya kuma akwai gabu.

Inda a ke noman alkama a fadama a kan yi fankasau da alkaki. Nakiya a kan daka ta tun da wuri, gama ba ta lalacewa, ita a ke ƙulla wa baƙo ya kai gida. Cincin da fanke sun biyo fulawa daga Nijeriya, tare da 'yan'uwa masu bishara da malaman makaranta da suka ƙetaro suka yi aiki a cikinmu, matansu kuma suka koya wa namu. Kek na matan Turawa ya tsaya a gidajen waɗanda suka yi musu aikin kuku. Itacen Kirsimati ma haka. Al'adar Jamusawa ce, ta bazu a Ingila bayan da aka buga hoton Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da shi a 1848. A nan ba ta yi saiwa ba, gama ba mu da irin itacen, ba mu kuwa ga dalilin shigo da itace ɗaka ba. Yanzu muna ganin na roba a kantunan Yamai, da jar hula ta tsohon nan mai farin gemu. Ba mu ce zunubi ne ba. Amma kuɗin itacen roba ɗaya ya isa a ciyad da gida biyu.

Wuƙa da akushi

Ga abin da mu ke so mai karatu ya tsaya a kai. Nama shi ne babbar hidimar mai gida. Mai hali ya yanka jar akuya irin ta Maraɗi, ko rago. Marar hali ya kama zabo ko kaza. Sau da yawa magidanta su kan haɗa kuɗi tun kaka su sayi sa, a yi watanda, a kasa kashi-kashi a kan ganye, kowa ya ɗauki gwargwadon abin da ya zuba, a fid da na gwauraye da na fasto. To, wa zai riƙe wuƙa? Tun da wuri iyayenmu suka gane idan mai bi ya yanka da hannunsa, ɗan'uwansa Musulmi ba zai ci ba. Sai suka riƙa kiran mahauci, ko wani dattijo maƙwabci, ya zo ya yanka. An yi gardama a kan wannan, har yanzu ma a kan yi. Waɗansu sun ce ashe addu'armu ba ta isa ta tsarkake nama ba ke nan? Dattawa suka amsa daga koyarwar Manzo Bulus cikin Romawa sura 14, suka nuna cewa nama ba shi ƙara mu ba shi rage mu a gaban Allah, amma ƙauna ta kan duba lamirin wani. Mu muna tare da dattawa. Mutumin da danginsa suka kore shi, ya sayi akuya da guminsa, ya kira ɗaya daga cikinsu ya ba shi wuƙa domin su iya ci tare da shi, ya yi wa'azin da ya fi na bagadi wuya.

Da an sauko daga sujada sai rabo. A jera akussa da ƙore a tsakar gida, uwargida tana zubawa tana kiran suna: na gidan mai gari, na gidan liman, na gidan kawu wanda ya yi shekara biyar bai taka ƙofar nan ba, na ungozoma, na maƙeri. A rufe da faifai, yara su ɗauka a ka, cikin sababbin kaya. Yaron nan da ya tsaya a ƙofa yana kallon sa'o'insa, yau shi ke yawo gida gida, ana ba shi tukwici. A al'adarmu kuwa ba a mai da kwano wofi. Ko goro biyu, ko 'yar gyaɗa, ko dabino, sai an sa. In Babbar Salla ta zo, aka gasa raguna a jikin itace kewaye da wuta yadda mu ke yi a Nijar, kashegari da a ke rabo sai ga cinya ta shigo gidan mai bi. Akwai gidajen da magana ta yanke tsakaninsu saboda bangaskiya, ba gaisuwa, ba zuwa suna, amma kwano bai daina zuwa da komowa ba, har ran da aka yi rasuwa, kwanon ya buɗe hanyar zuwa gaisuwa. Bisa ga ƙidayar 2012 Kirista ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a ƙasar nan. Jama'a kaɗan haka ba ta zauna lafiya da ƙarfinta ba. Bayan kiyayewar Ubangiji, muna gani akushi yana cikin abin da ya riƙe mu.

Daren 24 na yara ne da matasa. A majami'a su kan yi wasan kwaikwayo na haihuwar Almasihu, da makiyaya riƙe da sanduna na gaske, wani lokaci har da ɗan akuya na gaske wanda ba ya bin umurni. Hirudus shi ne kowa ke so ya zama, gama shi ke sa babbar riga da rawani yana tsawa. Daga nan a bi gidajen masu bi da fitila ana waƙa har dare ya raba. Matan zumunta su kan yanki zane iri ɗaya, su zo da tulunsu na kiɗa da caki. Da fari waƙoƙin fassara ne daga na Turawa, ana rera su da muryar da ba ta zauna daidai a bakin Bahaushe ba. Matan ne suka fara ƙaga nasu, mai bayarwa ta bayar, sauran su amsa, kamar yadda a ke yi a bakin turmi. Gidan da ke da rediyo kuma, tun bayan da tashar ELWA ta fara aiki daga Laberiya a 1954, a kan taru a ji shirin Hausa. Yaƙin ƙasar ya rushe tashar a 1990, amma kafin nan kaset ya riga ya shigo.

Sauran ranaku ba za mu daɗe a kansu ba. Godiyar kaka ta kan riga Kirsimati da 'yan makonni. Yadda a ke yinta a majami'a an ce wani limamin ƙauye a Ingila, Robert Hawker, shi ya fara a 1843, amma tushenta yana cikin Littafin Firistoci sura 23, manomi Bahaushe kuwa bai bukaci a yi masa dogon bayani ba. Kowane gida ya fid da dami ɗaya cikin goma, mace ta kawo daga gamanarta, wake ko gyaɗa ko kuɓewa busasshiya, yaro ya rungumo kaza. Da wannan hatsi a ke riƙe mai bishara da gwauraye har damina. Ista kuwa, ko da ya ke ita ce babbar rana ga bangaskiyarmu, ba ta taɓa samun tukunya irin ta Kirsimati ba. Dalilin a fili ya ke. Tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, tsakiyar bazara, rana kamar wuta, rijiya ta yi nisa, rumbu ya fara sauka, maza rabi suna cin rani. Abincinta fura ce da nono, da dambun zogale, da mangwaro in ya nuna. A kan fita sujada tun da asuba kafin rana ta yi zafi. Daren sabuwar shekara a kan kwana a majami'a da addu'a, da safe yara su fita yawon bonane.

Shekarun wuya

Ba kowace Disamba ce ta zo da cikakken rumbu ba. Waɗanda suka ga 1973 da 1984 sun sani. A 1984 damina ta ƙi, Nijeriya kuma ta rufe iyakarta tun watan Afrilu, har mutane suka sa wa yunwar sunan shugaban da ya rufe ta. Kirsimatin shekaran nan da jar dawar taimako aka yi ta a gidaje da yawa, ba waina, ba watanda. Wata tsohuwa ta gaya mana ta zauna tana tunani ko ta aika wa maƙwabta ko ta bari, gama abin kunya ne a aika tuwon jar dawa ba nama. Ta aika. Kwanon ya komo da garin kuka a ƙulle cikin tsumma. A cikin wannan yunwa ne aikin mishan a Maraɗi ya haɗa rabon abinci da koya wa manoma su bar kututturan gona su tofo, abin da a ke kira sassaben zamani. Matan da a da su ke dafa tuwon idi da kara da kashin shanu sun ga amfaninsa kafin maza, gama itacen girki ya komo kusa da gida. A Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, shinkafa da sukari da atamfa suka yi tsada, gidaje da dama suka koma wainar gero. A 2023 ma da iyaka a rufe aka yi idin.

Akwai wuyar da ta fi yunwa. Tun wajen shekarun 1980 wa'azi ya yi zafi ta kowane gefe. Aka fara jin masu cewa kada a ci abincin Kirsimati, a cikinmu kuma aka sami masu cewa kada a karɓi naman layya. Kwano ya fara komowa yadda ya tafi, ba a buɗe ba. Wadda aka mayar wa sau biyu ba ta kan aika na uku ba, ba mu kuwa ga laifinta ƙwarai ba, ko da ya ke uwayenmu sun jimre abin da ya fi haka. A watan Nuwamba na 2000 aka yi tarzoma a Maraɗi, aka taɓa wuraren masu bi. Bayan mako bakwai Kirsimati ta zo, ta kuwa faɗo cikin kwanakin ƙarshe na azumi. Matan da suka yi niyyar aikawa suka jinkirta girki, suka riƙe abincin har rana ta faɗi, domin ya isa da zafinsa lokacin buɗa baki.

Ran 16 ga Janairu 2015 a Zinder, inda aikin ya fara, da kashegari a Yamai, aka ƙone majami'u masu yawa, da gidajen fastoci, da makarantu, mutum goma suka mutu. Ba za mu sake buɗe wannan rauni a nan ba, an yi maganarsa a wani shafi. Abin da ya shafi labarinmu shi ne, a ranakun nan akwai iyalan masu bi da suka tsira domin maƙwabta Musulmi sun jawo su cikin gida sun rufe ƙofa, waɗansu kuma suka tsaya a bakin ƙofar mai bi suka ce ba mai shiga. In ka bincika za ka iske sau da yawa gidajen da suka daɗe suna musayar kwano ne. A ƙarshen wannan shekara Mauludi da Kirsimati suka zo kusan rana ɗaya, unguwa ɗaya tana girki biyu.

Yau abubuwa sun sake. Ranar Kirsimati da Litinin ta Ista ranakun hutu ne na gwamnati, 'ya'yanmu da suka yi lakwal suna ce da ita Nowel. Akushi ya ba kwanon samira wuri, samira ta ba kula ta roba. Makaroni da Maggi sun shiga tukunya, injin niƙa ya ɗauke wa 'yan mata aikin dutse. A birni mutum ya kan yi shekara bai san sunan wanda ke bayan katangarsa ba, abincin da a da a ke rabawa gida goma sha biyar yanzu a kan kai shi majami'a a ci tsakanin masu bi kaɗai, a aika wa sauran gaisuwa ta salula. Wannan ya dame mu, shi ya sa muka karɓi wannan rubutu. Sa'ad da mu ke tattara labarin mun tambayi matan zumunta a wurare dabam dabam su lissafta mana gidajen da uwayensu ke aika wa, da waɗanda su su ke aika wa yanzu. A ƙauye lissafin bai ragu sosai ba. A birni waɗansu sun ƙirga a yatsun hannu ɗaya, waɗansu suka yi shiru. Wata kuwa, da ta gama ƙirga na uwarta ta kai goma sha bakwai, sai ta ce jikokin gida huɗu daga cikinsu suna nan Yamai, unguwa ɗaya da ita, ta san ƙofofinsu.